Wule da Filin Ƙwallon Fada

BAPPA: Salamu alaikum! Salamu alaikum! Malam Inuwa, abin nan naka ba kowa a ciki, sai ƙugi kamar an rufe ƙudan zuma a gora.

BUBAYERO: Wa alaikumus salam. Halo? Wa ke magana?

BAPPA: Af, ga shi nan! Kai ne?

BUBAYERO: Bappa? Bappa, kai ne a waya?

BAPPA: Ni ne! Kana ji na?

BUBAYERO: Ina ji sarai, ba sai ka ɗaga murya ba.

BAPPA: Daga Gaya zuwa Kano ka ce kada in ɗaga murya? Ina wuni?

BUBAYERO: Ni ya kamata in gaishe ka. Ina wuni, Bappa? Ina gajiya?

BAPPA: Ba gajiya. Ya karatu? Ya malamanku? Ya shi Fadan cocin, Baturen nan mai farar riga?

BUBAYERO: Duk lafiya. Yanzu ya fita, ya bar min ofishin. Ya Inna? Ya ƙanwata Hajo, tarin ya sake ta?

BAPPA: Da sauƙi. Innarka na gaishe ka, Kawunka na gaishe ka, mutanen Gafasa duk suna gaida mai buga tamaula.

BUBAYERO: Ina amsawa. Wallahi da masinja ya zo aji ya ce ana nemana a waya, na zaci rasuwa aka yi. Wai ma yaya suka gane ni ake nema? Na san dai ba ka faɗi sunana ba.

BAPPA: Ni? In kama sunan ɗana na fari da bakina? Shekara goma sha bakwai ban yi ba, sai yau saboda ƙarfen Bature? Cewa na yi a kira min wancan. Aka ce wancan wa, yara ɗari uku ne a makarantar. Sai Malam Inuwa akawun hakimi ya karɓa ya faɗa musu. Kai dai bar wannan. Albishirinka!

BUBAYERO: Goro.

BAPPA: An yi ruwa! Ranar Talata, tun hantsi har la'asar, sannan jiya ya ƙara. Fadamar Toranke ta kwanta da ruwa. Na tsuguna na taɓa ciyawa da hannuna, sabuwa fil. Rabona da ganin haka tun kafin farin bara.

BUBAYERO: Alhamdu lillahi.

BAPPA: Haka kawai? Alhamdu lillahi kamar an ba ka magani mai ɗaci? To ji dalilin kiran. Gobe in an idar da asuba ni da Kawunka za mu kamo hanya, mu zo mu ɗauki Wule.

BUBAYERO: Halo? Bappa, layin yana...

BAPPA: Na ce Wule! Saniyata da na kawo muku ajiya! Wata bakwai ke nan tana cin arzikin filin ƙwallonku, ya isa haka, kada a gaji da mu. Na kafa sabon turke, na sayo kanwa a kasuwar Gaya ɗazu. Innarka ta sauke ƙoren tatsa ta wanke, Hajo kuwa tun jiya take tambaya yaushe za ta sha madara. A lissafina watan nan za ta haihu. Ko ta riga ta sauka ne?

BUBAYERO: Bappa, da kun dakata tukuna. Hanya ta yi taɓo.

BAPPA: Taɓo! Ni da na koro ta kwana uku cikin fari, ƙasa na ƙona ƙafa, ina ba ta ruwan gorata ni ina haɗiyar yawu, taɓo ne zai hana ni? Kai, ka san abin da ya rage min. Fure ta kwanta, Saye ta kwanta, bijimin nan da kake hawa kana ƙarami, duk da igiya muka ja su bayan gari. Ita kaɗai Allah ya bar min cikin garken kakanka. Ba don na tuna filin nan naku ba, da injin ke shayar da shi, ciyawa kore shar kuna tattake ta da ƙafa, da ita ma ungulu sun cinye ta.

BUBAYERO: Bappa, ba ta nan.

BAPPA: Na san tana can, ai ni na kai ta. Wannan ƙarfe da ƙara yake!

BUBAYERO: Cewa na yi ba ta nan. Wule ba ta makaranta.

BAPPA: An kai ta kiwo wani wuri? Ba laifi, faɗa min garin.

BUBAYERO: Bappa, kana zaune ne ko kana tsaye?

BAPPA: Me ya haɗa ka da zamana? Yi magana.

BUBAYERO: Ka tuna ranar da ka iso, ka tarar da mutane a bakin ƙofa, wani da kaji, wani da doya, wani da buhun shinkafa a bayan mota?

BAPPA: Na tuna. Na ce maka biki ake yi, ka ce e.

BUBAYERO: Ba biki ba ne. Kasuwa ce da makaranta ke ci sau ɗaya a shekara, baza suke ce mata. Iyaye su kawo kyauta, washegari a yi gwanjonta, abin da aka samu a yi wa makaranta aiki. Ta bara don 'yan ƙwallo aka yi. Mun kai wasan ƙarshe na kofi, za mu Zariya, ga shi ba takalma, ba riguna, ba motar zuwa.

BAPPA: To ina ruwan Wule da takalma?

BUBAYERO: Da Fada ya fito ya gan ka riƙe da ita, sai ya zaci kyauta ka kawo. Sabon zuwa ne lokacin, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Ni na tsaya tsakaninku ina fassara.

BAPPA: Na faɗa masa da bakina! Na ce amana ce, a riƙe min zuwa faɗuwar ruwa, ba ni da kowa sai ita. Sau biyu na faɗa.

BUBAYERO: Ka faɗa, Bappa. Ni ne ban faɗa ba. Ya tambaye ni da Turanci, ta baza ce? Na ce masa e.

BAPPA: Malam Inuwa, wayar nan taka tana haɗa ni da wani ne. Wannan ba ɗana ba ne.

BUBAYERO: Ni ne, Bappa.

BAPPA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

BUBAYERO: Ka saurare ni, don Allah. Filin nan ko akuya ta leƙa sai an bi ta da jifa. Mu muke sare ciyawar da langalanga duk Asabar, a tara a ƙone. Na san ba za a taɓa yarda a ɗaure saniya a wurin ba. Na kalli ƙafarka duk ta tsage, kwana uku kana tafiya, na rasa bakin da zan ce maka ka juya da ita ta mutu a hanya. Na ce a raina bari ka tafi da kwanciyar rai, da safe in je in gaya wa Fada gaskiya, ko ya samo mata wani wuri.

BAPPA: Da safen fa?

BUBAYERO: Da safe aka tara mu a fili. Fada ya kira ni gaba, ya ɗaga hannuna sama. Ya ce cikin iyaye duk, da masu kanti da ma'aikatan reluwe, babu wanda ya yi abin da makiyayi daga Gafasa ya yi, a shekarar da shanu ke mutuwa. Yara ɗari uku suka yi ta tafi. Bappa, shekara huɗu suna ce min ɗan ruga, suna toshe hanci wai ina warin nono. Ni ne kyaftin, amma ko a fili ba sa kiran sunana. Ran nan suka ɗauke ni a kafaɗa.

BAPPA: Sai bakin ya ƙi buɗuwa.

BUBAYERO: Ya ƙi.

BAPPA: Ni kuwa na dawo gida ina ba da labari. Na ce ban taɓa ganin mutumin da aka ba amana ya yi murna haka ba, ya kama hannuna biyu, idonsa ya kawo ruwa. Har bargo ya ba ni, ya sa aka kai ni tasha a mota. Na ce wa Kawunka, addininsu daban, amma sun san girman baƙo. Ashe bargon nan da na yi ta rufa da shi, tukuicin Wule ne.

BUBAYERO: Shi bai san komai ba, har yau.

BAPPA: Wasiƙun fa? Guda huɗu Malam Inuwa ya karanta min. Wule ta yi ƙiba. Wule ta saba da yara. Wule na kwana a gindin mangwaro. Ga su nan a aljihuna, a cikin leda na sa su don kada ruwa ya taɓa.

BUBAYERO: Ƙarya ce duka. Shi ya sa hutu biyu ban zo gida ba, na ce horon ƙwallo muke yi.

BAPPA: To. To. Ba komai, abin da aka sayar ana iya fanso shi. Wa ya saye ta? In Bafillace ne zan je in durƙusa masa, zai gane. In bar masa gonar bayan gida, ya ba ni ita. Faɗi sunansa.

BUBAYERO: Mahauci ne, daga Sabon Gari.

BAPPA: Wa? Wayar ta yi ƙara.

BUBAYERO: Mahauci, Bappa. Lokacin Kirsimeti ya matso, nama na tsada. Bayan kwana biyu na tsallake katanga na bi ta, na ce ko roƙonsa in yi. Na tarar da fatarta a shanye. Da farin goshin nan na gane ta.

BAPPA: Farin goshin nan.

BUBAYERO: Halo? Bappa, kana nan?

BAPPA: Ina nan. Ɗan cikinta fa?

BUBAYERO: Bappa, bar wannan.

BAPPA: Na tambaye ka.

BUBAYERO: Yaron mahaucin ya ce mace ce.

BAPPA: Mace. Allahu akbar. Da an sake garke.

BUBAYERO: Ka yafe min, Bappa. Wallahi tun ran nan ban ƙara sa nama a bakina ba.

BAPPA: Kofin fa? Faɗa min kun ciyo shi, ko in san abin da ta mutu a kai.

BUBAYERO: An ci mu huɗu da nema.

BAPPA: Da takalman?

BUBAYERO: Takalman ne suka kashe mu. Ba wanda ya taɓa wasa da su a cikinmu, ran nan muka fara sawa. Kafin a je hutun rabin lokaci ƙafar kowa ta yi bororo, an zura mana uku. Da aka dawo sai muka tuɓe su muka jera a bakin fili, muka ƙarasa da ƙafa.

BAPPA: Kuka tuɓe.

BUBAYERO: Suna can a sito cikin kwali.

BAPPA: Wule tana cikin kwali a sito, ke nan.

BUBAYERO: Bappa, yanzu Fada zai dawo. Zan gaya masa komai, ko da korata za a yi. Mutumin kirki ne, zai saya maka wata, na tabbata.

BAPPA: Kul! Kada ka kuskura. An tara jama'a an gode min, an ce makiyayi daga Gafasa ya yi kyauta. Yanzu kuma a sake tara su a ce makiyayin ya dawo karɓar abinsa, ɗansa kuma maƙaryaci ne? Saniyar ta tafi, mutuncin ma ka bi shi da wuƙa? Kuma wace saniya zai saya? Ta kasuwar kara, wadda ban san uwarta ba? Wule na san uwarta, na san kakarta, ubana ya san ta gaba da su. Ba a sayen wannan a kasuwa.

BUBAYERO: To in na gama karatu zan samu aiki, in cika maka turke, wallahi...

BAPPA: Ka cika wa 'ya'yanka. Ni daga yau manomi ne kamar kowa a Gafasa, sai dai su sun iya, ni ban iya ba. Abin da ban sani ba shi ne me zan ce wa innarka. Ƙoren na nan a kife a rana suna bushewa. Hajo kuma za ta tare ni tun daga bakin rijiya.

BUBAYERO: Bari in zo ni in faɗa musu da bakina. Asabar zan nemi izini.

BAPPA: Bakinka ya yi aikinsa. Igiyar da na kawo ta da ita fa, ta fatar nan? Ta kakanka ce. Ko ita ma an yi gwanjonta?

BUBAYERO: Tana ƙarƙashin katifata. Na kwance ta kafin a tafi da ita.

BAPPA: Ka ba direban motar Gaya ya kawo wa Malam Inuwa.

BUBAYERO: In kawo da kaina mana, Bappa.

BAPPA: Ka ba direba. Ka yi karatu da kyau, ka ji? Tunda shi ya rage maka.

BUBAYERO: Bappa, don girman Allah, ka zage ni. Ka ce wani abu.

BAPPA: Bubayero.

BUBAYERO: Na'am... Bappa? Sunana ka kira?

BAPPA: Na kira. Sai wata rana, Bubayero. Malam Inuwa, karɓi abinka, na gama.

BUBAYERO: A'a, Bappa, tsaya! Ka ce min kai, ka ce min wancan, kamar kullum! Halo? Malam Inuwa, don Allah mayar masa! Halo? Halo!