Tukunyar da Na Ɗauko daga Tumur

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Falmata daga Gagamari.

Ranar da muka gudu daga Tumur, maigidana ya ɗora mini wata tukunyar gilashi mai tiyo a ka. Ya ce ta siracen maganin ƙirjinsa ce, in ta fashe ya mutu. Saboda ita na bar keken ɗinkina. Kullum ni ke wanke ta, ni ke hura masa garwashi.

Jiya maƙwabciyata, matar wani soja, ta gan ta, ta ce, "Falmata, ai tukunyar shisha ce!" Da na tambayi maigidan nawa, dariya ya yi.

Jama'a, yaya zan yi da mutumin da na shekara biyu ina yi wa sannu, alhali lafiyarsa ƙalau?