Kilo Nawa Ne Daron Kifi?

Agoo, a ba ni kunne! Ban ji amsar na baya ba, ku da kuka fake a gindin darbejiya. Agoo! Yauwa, yanzu na san da mutane nake magana.

Nana, sarkinmu mai ƙasa, da dattawan da ke kewaye da kujerarsa; sarkin masunta, Egya Kobina Essilfie; shugaban wannan zama na iyaye da malamai, Papa Fiifi Arhin; shugabar makaranta da malamanta; Fasto da Liman, waɗanda yau na ga benci ɗaya ya ishe su; Madam Nas ta ɗakin shan magani; 'yan uwana masu bandar kifi, waɗanda ƙaurin hayaƙinmu ya riga mu shigowa; mazajenmu na teku, waɗanda ba don yau Talata ba, ranar da ba a taɓa ruwa, da ba mu ga ƙeyarsu ba; da ku ɗalibai da kuka maƙale a tagogi: ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar girma da ban girma.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti biyar. Zan ci goma, ya yi haƙuri. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Araba Bentsil, shekara talatin da ɗaya ina yanka wa kifi farashi a bakin tekun nan.

Abin da ya tara mu sananne ne. Yau za a ɗaga hannu a kan ɗakin da Tica Quansah ke koya wa 'ya'yanmu ɗaga ƙarfe: a bar shi ko a garƙame shi. In an garƙame, yara shidan da za a aika da sunayensu gasar makarantu a Winneba ranar Juma'a sai a soke su, kuma cikinsu akwai jikata Kuukua, 'yar shekara sha huɗu, wadda tun da uwarta ta rasu take hannuna. To, ba zan ɓoye muku ba, ni na kunna wutar nan. Ni na bi gida gida, murhu murhu, ina cewa wani malami ya zo zai karya mana 'ya'ya. Tunda da bakina na ɓata, ku bar ni in gyara da bakina.

Magana ta farko, maganar kilo.

Ranar da Kuukua ta dawo tana murna ta ce, “Nana, yau na ɗaga kilo goma sha biyar,” na dafe ƙirji na kira sunan Ubangiji. Kilo! Har goma sha biyar! Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, wa ya san kilo a garin nan? Mu da daro muke awo, da bokiti, da kashi, da ido. Uwata ta sayar da kifi shekara hamsin ba ta taɓa ganin sikeli ba sai ranar da aka kwantar da ita a asibiti. Amma da muka ji kalmar ta fito daga bakin 'yan boko, sai muka ɗauka wani dutse ne da ake ɗagawa da inji.

Washegari na ɗaure ɗamara na nufi makaranta, da niyyar sai malamin nan ya gaya mini uban da ya aiko shi. Me na tarar? Yara a jere, kowanne riƙe da sandar gora, suna durƙusawa suna miƙewa, shi kuma yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, “Miƙe bayanki. Gwiwa waje. Sake.” Gora, jama'a! Na ce, “Tica, ina ƙarfen kisan?” Ya ce, “Maame Araba, sannu da zuwa. Sababbi ne waɗannan, sai sun yi wata guda da gora kafin su taɓa ƙarfe. Ga na jikarki can.” Na je na sa hannu ɗaya na ɗauka. Na ce, “To, ina sauran?” Ya ce, “Shi ke nan, Maame.” Na ce, “Kai yaro, kada ka raina mini hankali, wannan ai ko muciyar da nake tuƙa dokunu, tuwonmu na masara, ta kusa kai shi.” Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Cewa kawai ya yi, “Gobe in jirage sun iso, ki sa a biyo da daron da Kuukua ke ɗauka ta nan.”

Na sa aka biyo da shi, cike da kifi kamar kullum, muka ɗora a sikelin makaranta. Kilo talatin da huɗu. Na ce sikelin ya lalace. Aka ɗora jarkar ruwa, irin wadda 'yan shekara tara ke ɗaukowa daga famfo sau uku kafin a buga ƙararrawar makaranta. Ashirin da biyar. Aka ɗora dammin itacen banda, sai na ce a sauke, na gani ya isa.

Ku duba mu, don Allah ku duba mu da kyau. Mu da muke naɗa wa yaro gammo tun bai gama famfara ba. Mu da muke ɗora masa daro daga bakin ruwa, ya ratsa yashi, ya hau tudun coci, sau biyar, sau shida. Mu da muke jera 'yan firamare a igiyar taru suna ja tun hantsi har tafin hannunsu ya sale. Mu ne yau muka yi wanka, muka ɗaura sabon zani, muka zo mu ceci 'ya'yanmu daga kilo goma sha biyar. Kai, tausayinmu ya yi yawa!

Magana ta biyu, wai ƙarfe yana tsumburar da yaro.

Egya Kow Otoo ne ya kawo wannan a zaman da ya wuce, har da buga sanda a ƙasa. Egya Kow, ka miƙe jama'a su gan ka. Af, yi haƙuri, ashe a tsaye kake. To, ina tambaya cikin ladabi: wane ƙarfe ka ɗaga? Wane ƙarfe mahaifinka ya ɗaga, wanda sai an ɗora shi a kan akwati yake hango ƙarshen jirginsa? Na san gidanku tun ina yarinya, ba a taɓa kai muku ko sandar gora ba.

Ban tsaya a kan zolaya ba, na je na tambayi Madam Nas, ga ta nan zaune, in na yi mata ƙarya ta tashi. Ta ce nauyi daidai ƙarfin yaro, a gaban wanda ya san aikin, ba ya hana tsawo, ƙashi ma yake ƙarfafawa. Ta ce abin da ke kawo mata yara da ciwon wuya da ciwon baya ba daga makaranta yake fitowa ba. Ba ta faɗi daga inda yake fitowa ba, domin mace ce mai kunya, amma ta daɗe tana kallona. Kuma akwai bango a ɗakin nan inda Tica ke zana tsawon kowane yaro da alli. Kuukua ta ƙaru da yatsa uku tun Ista. Wanda bai yarda da alli ba, ya zo gidana ya ga siket ɗin da ya ɗage mata.

Sai 'yan uwana mata, masu cewa yarinya za ta yi kafaɗun maza ta rasa mijin aure. Auntie Ewurabena, ke kika faɗa a bakin famfo, an gaya mini. Ɗaga hannunki sama mu gani. Ga nawa. Wannan damtsen ai ba a coci muka samo shi ba. Maza biyu na aura da shi, babu wanda ya gudu. Ɗaya dai ya gwada.

Magana ta uku ba ta dariya ba ce. Akwai haɗari, kuma ba zan tsaya gaban Nana mai ƙasa in ce babu ba. Ɗan Auntie Ekuwa ya karye a wuyan hannu watan jiya, duk mun je mun duba shi. Amma a ina ya karye? A bayan rumfar gyaran inji, inda samari suka cika gwangwanayen fenti da siminti suka soka bututu a tsakiya, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, babu malami, babu mai cewa ya isa, sai ihu da tafi da “ƙara masa, namiji ne!” Wannan wurin ba shi da ƙofa, balle mu sa masa kwaɗo. In kuka rufe ɗakin Tica yau, kada ku zaci yara za su koma gida su ɗauki littafi. Can za su, kuma ku kuka aika su.

Saboda haka roƙona shi ne a bar ɗakin, a kuma ɗaure shi da sharaɗi: kada yaro ya taɓa ƙarfe sai malami na tsaye, kada a yi gasar burga, kuma Madam Nas ta riƙa duba su kowane zango. Wanda ya ga an saɓa, ya zo ya same ni, kun dai san ba na jin kunyar shiga makaranta.

Saura abu ɗaya, shugaba, na ga kana duba agogo.

Shekaranjiya muna juya kifi a kan waya, ni da Kuukua, na tambaye ta. Na ce, “Ke wai me kike so a ɗakin nan? Kofin Winneba? Ko dai wani yaro ne a ciki?” Ta ci gaba da juya kifinta har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce, “Nana, ba za ki yi fushi ba?” Na ce, “Faɗi.” Ta ce, “Can ne kaɗai in na ce abu ya yi mini nauyi, ake ce mini in ajiye.”

Shekara shida ina ɗora wa yarinyar nan kaya da hannuna. Na sha jin ta ce ya yi nauyi, kuma na san amsar da nake ba ta, kun san ta ku ma, domin ita kuke ba naku. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yanzu da nake tsaye a gabanku ba ta sake ni ba. In an ce a ɗaga hannu, kowa ya tuna wuyan da ya bari a gida.

Ubangiji ya ja kwanan Nana mai ƙasa, ya kwantar mana da teku, ya cika jirage, ya dawo da kowane masunci ga iyalinsa. Ya ba malamanmu haƙurin zama da mu. Ya miƙar da bayan 'ya'yanmu, mu kuma ya ba mu kunnen jin su tun suna faɗa da baki.

Na gode.