Zakaran Gwaggo a Bayan Keke

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Rakiya, daga nan Dutse.

Ni da maigidana mun yi niyyar bayan girbi mu fita zumunci a kan keke, mu bi ta Miga har Haɗeja. Likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ni kuwa na ce ƙafata ƙafarsa. Mun gyara kekunanmu, mun tanadi famfo da kayan faci, tela ma ya rage mini tsawon hijabi kada sarƙa ta kama shi.

Ran Asabar muka yi gwaji, muka je gaida Gwaggonsa a wani ƙauye ta hanyar Buji. Da za mu taho sai ta fito da gero tiya goma, da kabewa biyu, da zakara. Maigida ya ce, "Gwaggo, a keke fa muke." Ta ce, "Au, ka zama ɗan birni, ka raina abin hannuna?" Dole muka ɗaure. Wallahi tura kekunan muka yi har gida, zakara na kuka a bayana, 'yan adaidaita na ta dariya.

Ba mu fasa ba, in sha Allahu, don har ya daina haki. Amma gidajen dangi tara ne a hanyarmu, kowanne da irin Gwaggonsa. Jama'a, a ba mu shawara: yaya ake ce wa babba ya ajiye mana kyautarsa ba tare da ransa ya sosu ba?

Gwaggo, in kina ji, zakaranki na nan lafiya. Shi ke tashinmu hawan keke kullum da asuba.