Gara Ta Riga 'Ya'yanmu Karantawa

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni ce Maman Rahila daga Akurba, mai sayar da gishirin Keana. Don Allah ka karanta yadda na rubuta, kada ka rage komai.

Bara wasu bayin Allah suka kawo wa firamaren su Rahila littattafan yara masu hotuna, na Hausa da na Turanci. Aka jera yara, kowa ya riƙe ɗaya, aka ɗauki hoto. Baƙin na fita aka karɓe. Rahila rabi kawai ta samu ta karanta, labarin wata akuya da ta shiga motar kasuwa. Kullum sai ta ce, "Mama, a ina akuyar ta sauka?"

Na je na roƙi hedimasta. Ya ce, "Madam, yaran nan hannunsu duk manja ne, ɓata mana za su yi." Ya nuna mini kabad da ƙaton kwaɗo.

Makon jiya aka ce baƙin za su dawo, sai aka buɗe. Gara ta cinye su tas. Manja dai bai taɓa ko ɗaya ba!

Iyaye, ku nemar wa yaranku littafin labari mai hotuna, ko tsoho ne, ku bar shi ya yage a hannunsu. Na samo mata wani, har ƙannenta take karanta wa. Amma na akuyar ban samu ba.

Malam, ka ba ni shawara, me zan ce mata? Har yau akuyar nan tana cikin mota.