Lallen Matan Maruta a Rumfar Zaɓe

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, da fatan kana lafiya. Ni ce Hajara daga Maruta ta ƙasar Gwaram.

Tunda soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, kuma har da mu mata a jefa ƙuri'a, bakina ya ƙi rufuwa don murna. Sai zaɓen ya faɗo a makon bikin 'yar maƙwabcinmu. Duk matan unguwa mun sha lalle, yatsunmu har sun yi baƙi.

Da muka isa rumfa, malamin zaɓen, wani baƙo, ya dubi hannuna ya ce, "Ai kin riga kin jefa, ga tawada nan." Ya duba na sauran, ya ce duk mu koma gida.

Sai Inna Talatu, tsohuwar da ke ƙunsa mana lalle, ta kai masa yatsa har hanci, ta ce, "Ɗana, shinshina. Shekara da shekaru ba wanda ya tambaye mu wa muke so. Yau da aka tambaya, ba inda za mu." Ta zauna dirshan, muka zauna. Ya shinshina, ya yi dariya, ya ba mu haƙuri. Muka jefa, muka koma gida da guɗa.

Ina gaida Inna Talatu, da kuma ƙanwata Ladi da ke Birnin Kudu. Malam, a taya mu gaya wa hukuma ta koya wa ma'aikatanta bambanta lalle da tawada, domin lalle dai ba za mu bari ba, ƙuri'a ma haka.