Kifin Alhamis da hujin takalmi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Hanan ce daga Madain Fahd, Jidda.

Maigidana alƙalin wasan ƙwallo ne a makarantun sakandare. Duk Alhamis yakan sayo mana soyayyen kifi bayan wasa. Tun zuwan korona aka zaftare rabin kuɗin da ake biyansu, amma kifi bai taɓa fashi ba. Na ce masa, "Abu Hanan, halas, ya isa haka, mu haƙura da kifin nan." Ya ce, "Yalla, maza ku ci kawai."

Jiya ina goge takalminsa na ga ƙasan ya huje. Ashe da kuɗin taksi yake sayen kifin, sannan ya tako gida a ƙafa bayan ya sha gudu a filin wasa.

Jama'a, ku ba ni shawara: in nuna masa na gane, ko in ci in yi shiru?