An Hana Sirajo Kiran Salla

"Ku kuka ɓata mini ɗa!"

Wata tsohuwa ce ta tare mai farar rigar asibiti a tashar Kalgo.

"Inna, ban san ki ba."

"Ka san na'urarku. Ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Sirajo, kwamfuta ta ce hauka na tafe. Kuka faɗi gaban maƙwabcin da ya raka shi. Yanzu a garinmu Ceberu an hana shi kiran salla."

"Hasashe ne, Inna, don a tare ciwo da wuri. Takan yi kuskure. Yana jin muryoyi?"

Ta rage murya.

"Wanga tsakanina da ɗana ne, kuma maganinku zai sha. Amma babbanku ya zo masallacinmu ran Juma'a, ya maimaita 'takan yi kuskuren' nan a lasifika!"